Sunan Ɗan Fari

Abin da yaron ya roƙa bai fi numfashi biyu ba. Ta tsaya gaban waya, ta ce ita ce mahaifiyarsa, ta faɗi sunansa, ta sa masa albarka. Shi ke nan. Amma Rékia ta kwana ta wuni da wannan roƙo har abinci ya fita daga ranta, kuma ga ranar wasan ta zo ba ta aika komai ba.

Yaron yana Amurka, a shekararsa ta ƙarshe a jami'a. Can yake buga ƙwallon nan nasu da ba ruwansa da ƙafa, wanda ƙarti suke sa hular kwano su yi ta karo da juna kamar raguna. A wani ƙaramin kulob na bayan Paris ya fara, wani mai horarwa ya gan shi, aka ba shi gurbin karatu, ya tafi. Bana ƙungiyar jami'arsu ta taɓuka, sai aka gayyace su wasa guda na bayan kammala kaka, su da wata jami'a, irin wanda suke kira bol. Shi ne wasansa na ƙarshe da rigar makarantar. Kafin a fara, za a nuna iyayen 'yan shekarar ƙarshe ɗaya bayan ɗaya a babban allon filin, kowa ya faɗi sunan ɗansa. Waɗanda suke nesa sai su aiko da bidiyo.

To, a nan matsalar take. Rékia 'yar Damagaram ce, yaron kuma ɗan farinta ne, kuma mace mai kunya ba ta kama sunan ɗan fari. Daɗin daɗawa, sunan surukinta aka mayar masa, Malam Abdulbasit, mahaifin mijinta, dattijon da ba ta taɓa gaishewa a tsaye ba. Tun ranar da aka raɗa wa jaririn suna a ɗan gidansu na Beaudottes, a Sevran ta bayan Paris, bakinta bai furta shi ba. In yana kusa, "kai" take cewa. In ba ya nan, "yayan Inès". Kafin a haifi ƙanwarsa Inès kuwa, "yaron nan" ne.

A Zinder, can Damagaram ɗin, babu mai tsayawa yi maka bayanin wannan. Kowa ya san uwar da take kau da kai daga ɗan farinta a gaban jama'a ita ce dai mai ɓoye masa tsoka a ƙasan tukunya. Amma je ka faɗa wa yaron da aka haifa a Faransa, ya tashi yana jin uwayen abokansa suna ƙwala musu kira ta taga, har da ƙarin "chéri" a ƙarshe. Yana ƙarami a lekwal, makarantar boko, wata sabuwar malama ta tambayi Rékia sunan ɗanta. Rékia ta yi murmushi ta nuna shi da haɓa. Malamar ta maimaita tambayar a hankali, irin yadda ake yi wa wanda bai jin Faransanci, alhali Rékia ta ji sarai. Daga ƙarshe yaron ne ya faɗi sunan da kansa, yana kallon takalminsa. Ita ta manta da abin kafin su isa gida. Shi bai manta ba.

Ranar da zai tafi Amurka, yana ɗaure jaka, ya ce ba tare da ya dube ta ba, "Matar hawa na uku tana kiran karenta da suna tun safe har yamma. Ni kuwa kai."

"Da kare za ka haɗa kanka?" ta ce.

Babansa, Youssouf, yana da rai a lokacin. Ya yi dariya ya ce yaro ne, in ya girma zai gane. Youssouf ya rasu, yaro ya girma har ya cika ƙofa, ganewar ce dai ba ta zo ba.

Saƙon muryarsa na ƙarshe yana cikin wayarta, ta saurare shi har ta haddace. "Maman, c'est rien, 'yar magana ce. Uwayen sauran da kansu za su zo, ke bidiyo kawai nake so. In ba za ki iya ba, ba komai. Amma ba zan sake tambaya ba." Wannan ƙarshen ne ya hana ta sakat, don da muryar babansa ya faɗe shi, muryar da Youssouf yake yi in ya gama da magana har abada. Ga shi Inès ta tsegunta mata cewa an yi masa tayin aiki a can, ya riƙa taimaka wa mai horar da su, kuma har yanzu bai sayi tikitin dawowa ba. Tsoro take ji, tsoro na gaske, cewa in ta bar wannan rana ta wuce, yaron ya tafi ke nan.

Ta nemi shawarar Hajiya Mariam ta Montreuil, yayar marigayi mijinta. Da ma ba ta nema ba. Bayan gaisuwa da tambayar sanyi da ciwon gwiwa, Hajiya ta saurara, sannan ta ce, "Sunan Baba? A allo, gaban duniya? Rékia, kafin ki sauke wayar ya isa Zinder, kowace ƙanwa tana tura wa 'yar'uwarta. Yaran nan na Faransa in kin biye musu sai su tuɓe miki zane a kasuwa. Ki yi masa addu'a, ita ce mai amfani."

"To, Yaya," in ji Rékia.

Da safiyar ranar wasan ta kama jirgin ƙasa daga Sevran zuwa cikin Paris, da ledar kilishi da kwanon dambu a ɗaure cikin ɗankwali. Makarantar yaran da take aiki a ɗakin girkinta tana hutun ƙarshen shekara. Inès tana karatun haɗa magani a Lyon, kuma ita ce ta san yadda ake kamo wasan a tele, don haka can za a kalla. A gar, wato tashar Paris da jiragen Lyon suke tashi, ta shiga babban jirgi, ta sami kujerarta, ta rungume kwanon a cinya.

Da suka fita daga gari ta tashi ta je tsakanin taragu biyu, inda ake ajiye akwatuna. Ta gyara mayafi, ta ɗaga wayar, fuskarta ta bayyana a ciki, wata tsohuwa mai kumburarrun idanu. Ta danna jan maɓallin.

"Assalamu alaikum. Ni ce mahaifiyar..."

Harshen ya tsaya. Ba wai ta ƙi ba ne, wallahi so take. Sunan yana nan a maƙogwaro, tana jin nauyinsa, amma sai ta ga fuskar tsohon zaune a kan buzunsa, sai kunya ta rufe ta har kunnuwanta suka yi zafi. Ta share. Ta sake. Wannan karon ta ce, "Ni ce mahaifiyar mai lamba hamsin da biyu," ta saurari kanta, ta ji kamar mai neman ɗan kaso, ta share. Wani Bature ya zo ya tsaya jiran banɗaki yana satar kallonta, sai ta tura wayar cikin jaka ta koma kujera.

Abu ɗaya ya riƙe mata zuciya. Inès ta taɓa ce mata Amurka tana bayan Faransa a lokaci. Yanzu haka can gari bai ma waye ba. In ta isa Lyon, Inès ta riƙe mata wayar, ta rufe ido ta faɗa a wuce wurin, Hajiya Mariam ta ce abin da za ta ce. Da wannan lissafi ta lallashi kanta har gonaki suka ƙare, gidaje suka fara.

Inès tana jiran ta a tashar Part-Dieu ta Lyon, cikin ƙatuwar rigar sanyi mai launin makarantar yayanta. Ta sumbaci uwar a kumatu biyu, ta karɓi kwanon.

"In mun isa ɗaki ki riƙe mini wayar," Rékia ta ce. "Zan yi abin nan."

Inès ta tsaya a tsakiyar mutane. "Maman, an rufe karɓa tun shekaranjiya. Na faɗa miki."

"Ba ke kika ce suna bayanmu ba?"

"Da sa'o'i, Maman, ba da kwanaki ba." Ta sauya wa kwanon hannu. "Na jira ki har ƙarshe. Da na ga ba ki aiko ba, sai na yi nawa na tura, don kar a zo kansa allon ya zama wayam."

Abin da Rékia ta fara ji, kuma ta ji haushin kanta da jin sa, shi ne sauƙi. An sauke mata kaya. Sauƙin bai kai ta bakin matakala ba ya gushe. Yau yaron zai ɗaga kai a gaban dubban mutane, ya ga uwar wannan, ya ga uwar wancan, in an zo kansa ya ga ƙanwarsa. Zai ɗauka amsarta ke nan.

"Ya san ba ni ba ce?"

"Ban faɗa masa ba," in ji Inès. "Na kasa."

Ɗakin yana unguwar Guillotière, can sama, babu na'urar hawa. Inès tana zaune da wata ƙawarta, Rose, 'yar Jos da ta zo karatu, yarinya mai fara'a da ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, Mama, ya hanya?" Rose ce za ta fassara, don da Turanci ake sharhin wasan. Ta kuma gayyato yayanta Filibus, injiniya a nan Lyon, wanda ya san dokokin ƙwallon. Shi ma ya gaishe ta da ladabi, ya zauna a ƙasa ya bar mata kujera. Rékia ta ji daɗin ganin yara masu tarbiyya, ta kuma so da ba su zo ba.

Bayan magariba aka kamo tashar. Can rana ce tsaka, filin cike maƙil, rabi ja rabi fari. Ta zaci za a nuna iyayen, amma ina. Wasu ƙarti uku cikin kwat suka cika tele suna surutu, allon filin yana can bayansu ɗan ƙarami, fuskoki suna wucewa babu sauti. Wata mata mai farin gashi. Wani mutum da matarsa suna ɗaga hannu. Sai ga Inès, bakinta yana motsi, sai kuma aka saka tallar mota.

"Kin gan ni?" Inès ta tambaya a hankali.

"Na gan ki."

Aka fara. Filibus ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce masu jan kaya su ne nasu, kuma ɗanta yana cikin masu tarewa, aikinsa shi ne ya kayar da duk wanda ya riƙe ƙwallo. Rékia ta gyaɗa kai, ba don ta gane ba. Abin da idonta yake gani shi ne a jera, a sunkuya, a ruga, a tari juna, a zube, a busa usur, a sake jerawa. Wai wannan shi ne wasa. Kowa fuskarsa a rufe, kowa kafaɗarsa ta kumbura. Duk da haka ba ta nemi lamba ba ta gane shi. Shi kaɗai yake tsayawa da hannu ɗaya a ƙugu, ƙafar hagu a karkace, tsayuwar babansa sak.

Da ya juya baya ta ga rubutun rigar: YOUSSOUF. Sai ta kusa dariya don takaici. Sunan miji a baya, sunan suruki a gaba. Yaron nan daga sama har ƙasa babu inda bakinta zai iya kamawa.

Duk sanda aka zube a kansa sai numfashinta ya tsaya har ya miƙe. Sau ɗaya ya jima a ƙasa, wani ƙato ya danne masa wuya, sauran suka tashi shi bai tashi ba. Inès ta miƙe tsaye tana cewa, "Lève-toi, Yaya, tashi." Rékia ba ta ko motsa ba, don ba a ganin uwa tana rawar jiki a kan ɗan fari. Murfin kwanon da ke hannunta ne kawai ya lanƙwashe. Yaron ya dafa ƙasa ya tashi, ya girgiza kai, ya koma layi. Tunanin da ya zo mata shi ne, da bai tashi ba, da abin da ya gani na ƙarshe daga gida shi ne allon nan.

Can kuma ya yi wani abu da ya tayar da filin. Ya ratsa tsakanin mutum biyu ya cafke mai jefa ƙwallon ya maka shi da ƙasa. Filibus ya tafa, Rose ta yi tsalle. Aka maimaita hoton a hankali, aka rubuta sunansa a ƙasan tele. Mai sharhin ya fara karantawa, ya yi tuntuɓe, ya sake, ya sake yin tuntuɓe, sai shi da abokinsa suka ƙyalƙyale da dariya.

"Me ya ce?" Rékia ta tambaya.

Rose ta ce, "Wai sunan ya yi masa tsawo, Mama. Ya ce daga yanzu Abdul zai riƙa cewa."

Rékia ta harari tele. Abdul ai ba suna ba ne, rabin suna ne. Bawan, shi ke nan, an yanke sunan Ubangijin da ake bauta wa an yar. Surukinta bai taɓa amsa shi ba. In wani ɗan birni ya kuskura ya ce masa Malam Abdul, sai tsohon ya dube shi ya ce, "Bawan wa?" ya ci gaba da jan carbinsa har mutum ya cika. Yau ga wani mai jan wuya, da cikinsa da kwat ɗinsa, an biya shi don ya yi magana, ya kasa haɗa gaɓa huɗu, kuma abin dariya ne a wurinsa.

Shi kuwa mutumin kamar an aiko shi. Abdul ya tare, Abdul ya kusa, Abdul ya dawo. Aka tafi hutun rabin lokaci, Rose ta zuba dambu, Rékia ta juya cokali a nata ba ta ci ba. Aka dawo, aka ci gaba da Abdul. Ta ja tsaki sau ɗaya, Inès ta waiwayo, ta ɗauke kai. Sai yaron ya yi tsalle ya doke ƙwallon da aka jefa, filin ya kaure, mai sharhin ya buɗe maƙogwaro ya ja sunan da tsawo kamar nasa ne.

"Bawan wa?" Rékia ta ce wa tele, tana nuna shi da cokali. "Bawan ubanka? Abdulbasit ne sunansa. Abdulbasit!"

Filibus ya sunkuyar da kai yana kallon kafet. Rose ta tashi ta ce bari ta duba ruwan shayi, alhali babu abin da aka ɗora. Su biyun a Arewa suka tashi, sun san abin da suka ji. Inès ta rufe baki da hannu, idanunta sun cika.

"Maman. Kin faɗa."

"Ban faɗi komai ba. Gyara na yi wa mutumin."

"Kuma ban ɗauka ba. Wayyo, wayar tana caji." Ta rarumo ta. "Bari in rubuta masa, in ya fito ya gani."

"In kika rubuta, ni da ke ne." Rékia ta nuna wayar. "Ajiye."

"Amma abin da yake so ke nan."

"Ba shi ba ne. Gyara daban, kira daban. Ajiye, na ce."

Ta tashi ta shiga ɗakin Inès wai za ta yi isha'i. Ta yi ɗin, amma bayan sallama ta jima a zaune tana taɓa leɓenta. Babu abin da ya faɗo, ginin yana nan, bakinta bai karkace ba. Ta nemi gafarar tsohon a zuci, ta ce masa ai don kare sunan ta yi. Kunya tana cin ta, kuma a ƙarƙashin kunyar akwai wani ɗan daɗi da ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Sunan ya zauna a bakinta daidai, kamar da ma can wurinsa ne. Sai dai wanda ya kamata ya ji bai ji ba.

Da ta fito wasan ya kusa ƙarewa. Filibus ya ce masu jan kaya suna gaba da kaɗan, in sun tare wannan hari na ƙarshe sun ci. Babu mai zama yanzu sai ita. Aka jera, aka sunkuya. Wani siririn yaro cikin fararen kaya ya karɓi ƙwallon ya yanko ta gefe, babu kowa tsakaninsa da layin ƙarshe sai mai lamba hamsin da biyu. Yaronta ya ruga, ya yi sufa da dukan jikinsa. Siririn ya goce. Hannun ya shafi dugaduginsa kawai, ya wuce, ya tsallake layin, rabin filin mai fari ya haukace.

"Shi ke nan," Filibus ya ce a hankali. "An cinye mu."

Aka nuna shi a durƙushe, ya cire hular. Wannan ne ganin fuskarsa na farko a ranar. Ya rame, ya tara gemu, kuma ba kuka yake ba, da ma kukan ne da sauƙi. Abokansa suna zuwa bakin shinge, uwaye suna miƙo hannu suna rungume kawunansu masu gumi. Shi ya tsaya yana kallonsu, hular a hannu, sannan ya juya ya shige ƙofar 'yan wasa shi kaɗai.

Inès ta kira, ba a ɗauka ba. Ta rubuta, ba a buɗe ba. Rékia ta ce a bar shi, ya gaji. Ita kanta ba ta yarda da maganar ba.

Washegari har azahar babu labari. Inès ta raka ta gar, ta ce ta ƙara kwana, Rékia ta ce ta bar wanki a jiƙe. Gaskiyar ita ce ba ta iya zama tana kallon yarinyar tana duba waya. A jirgi ta sami kujerar taga. Wata mata ta zauna a gefenta, ta sauke ɗan teburin, ta jibga kwamfuta da kofi, ba a jima ba ta yi barci. Taragun shiru, irin shirun jiragen Faransa da ko leda ka taɓa sai an harare ka.

Sun yi nisa cikin gonaki wayar ta yi rawa a tafinta. Shi ne. Ta dubi matar, babu hanyar fita sai an tashe ta an kwashe kayan, kafin nan ya katse. Ta kara wayar a kunne, ta kare baki da mayafi.

"Allô, Maman."

"Ka tashi lahiya?"

"Lahiya lau."

"Jikin fa? Wuyan?"

"Ça va."

"Mun gani. Allah bai nufa ba."

"Ni na sake shi," ya ce. "Kowa ya gani." Sannan ya ce, "Na ga Inès a allo. Ta yi kyau."

"Na zo da niyyar in yi, sai aka ce..."

"Laisse tomber, Maman, bar zancen. Na ce ba zan sake tambaya ba." Babu faɗa a muryar, kuma rashin faɗan ne ya tsorata ta. "Mai horar da mu yana son amsa cikin satin nan, kan aikin. Ina ga zan karɓa."

"To," bakinta ya ce, don bakin ya saba. "Allah ya zaɓa mafi alheri."

"Amin. Bon, bas yana jira. Sai wani lokaci."

Ta ji sautin ya canza, ya janye wayar daga kunnensa. Ta buɗe baki za ta ce "kai", ta san ba zai isa ba. Kai na wanda yake tsaye a gabanka ne, wanda za ka iya nunawa da haɓa.

"Abdulbasit."

A hankali ta faɗa, cikin mayafi. Layin bai katse ba. Ta ji wayar ta dawo kunnensa. Layin tas yake, har tana jin numfashinsa, tana jin ƙarar na'urar ɗumama ɗakin otal ɗin.

"Ban ji ba, Maman," ya ce. "Réseau ɗin ba kyau, layin yana yankewa."

Ƙarya yake, ja'irin yaro, ya ji sarai. Ta dubi taragun, kawuna a jere, kowa da littafinsa. Ta sauke mayafin daga bakinta.

"Abdulbasit," ta ce, da irin muryar da ake kiran yaro ta taga.

Matar gefenta ta farka a firgice ta dafe kofinta. Wani tsoho a gaba ya sauke jarida ya waiwayo. Rékia ba ta kalle su ba.

"Na'am," ya ce. Muryar ta karye a tsakiya, sai ya sake. "Na'am, Maman."

"Zauna," ta ce. "Bas ɗin ya jira, ban gama magana ba."